Neman shawara kan sayen murhun gashi na tangaran (kamado) kafin Babbar Sallah

Malam Abdullahi, Samaru:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa, shawara nake nema kan wani abu da ya daɗe yana min yawo a rai. Kowace Babbar Sallah idan mun yanka ragon layya, iyali sukan soya mafi yawan naman, ni kuma in keɓe cinya ɗaya da haƙarƙari in gasa a kan rabin duro da raga. Shekara da shekaru sakamakon ɗaya ne: bayan naman ya ƙone, cikinsa kusa da ƙashi kuma da sauran jini, ga gawayi da nake ta ƙarawa ina fifita har idanuna su yi ja. Watan jiya na ziyarci ƙanina a Abuja, ya ba ni kafaɗar rago da ya gasa a cikin wani murhu mai siffar ƙwai wanda ake kira kamado. Tun hantsi ya sa ta, bai cire ba sai bayan La'asar, kuma da cokali muka riƙa raba naman da ƙashi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne da ya buɗe bayan wuta ta mutu, na ga kusan rabin gawayin da ya zuba da safe yana nan bai ci ba. Saura wata uku Sallah, ina so in mallaki irinsa, amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wane girma ya dace da gida mai mutum tara, a ina ya kamata in saya, kuma shin gawayinmu na nan Zariya zai yi aiki a cikinsa?

Injiniya Musa, Kongo:
Wa alaikumus salam, Malam. Shekara huɗu ke nan ina amfani da nawa, don haka bari in fara da yadda yake aiki, domin wanda ya fahimci wannan ba za a sayar masa da jabu cikin sauƙi ba. Kalmar kamado ta Japananci ce, ma'anarta murhu. Sojojin Amurka da suka zauna a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne suka riƙa komawa gida da irin tukwanen yumɓun da ake dafa shinkafa a cikinsu, daga baya wani ɗan kasuwa mai suna Ed Fisher ya kafa kamfanin Big Green Egg a birnin Atlanta a 1974, Kamado Joe kuma ya biyo baya a 2009.

Jikinsa tangaran ne mai kauri, a ciki akwai kaskon wuta inda gawayi yake zama, sai raga a sama, sai murfi mai nauyi wanda yake rufuwa ruf saboda wani ƙyalle mai jure zafi da aka manna a bakinsa. Iska ba ta da hanyar shiga sai ta wata ƙaramar ƙofa a ƙasa, ba ta da hanyar fita sai ta wata a ƙoli. Da waɗannan ƙofofi biyu kaɗai ake sarrafa wutar. Idan ka bar su a buɗe kaɗan, kamar kaurin ɗan yatsa ko ƙasa da haka, zafin zai tsaya wajen digiri 110 zuwa 120 a ma'aunin Salsiyas har tsawon yini ba tare da an ƙara gawayi ba. Idan kuma ka wangale su, zai haura digiri 350. Rabin duronka yana cinye gawayi ne domin iska tana shigarsa ta ko'ina, zafin kuma yana tserewa sama. A nan zafin yana taruwa a jikin tangaran ɗin yana dawowa kan naman ta kowane gefe, kuma da yake iskar da ke ratsawa kaɗan ce, naman ba ya bushewa.

Alhaji Garba, Tudun Wada:
Malam Abdullahi, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma shawara ka nema. Ni a gidan fawa na tashi, mahaifina ya shekara fiye da talatin a bakin tukuba, kuma ban taɓa ganin wanda ya ci tsirensa ya ce da sauran jini a ciki ba. Abin da Injiniya ya bayyana, idan aka cire fenti da sunan kamfani, tanderu ne aka yi wa murfi, kuma iyayenmu mata sun daɗe suna gasa gurasa a tanderu. Matsalar cinyarka ba ta murhu ba ce, ta gaggawa ce. Ka ɗora nama mai kauri a kan garwashin da yake ci balbal, dole bayansa ya ƙone. Mai balangu yakan tsaga naman ya buɗe shi, ya ja shi gefen wuta, ya rufe shi da takardar siminti da aka wanke ko wani abu makamancinta, ya bar shi ya huce cikin zafinsa. Kuɗin da za ka zuba a wannan murhu zai sayi raguna da dama, kuma ina tsoron ya zama kayan ado a kusurwar gida wanda ba a tunawa da shi sai ranar Sallah.

Hajiya Maryam, Hanwa:
Alhaji Garba ya faɗi gaskiya ta fuska ɗaya, kuma ina ganin ita ce tambayar da ya kamata Malam ya fara amsa wa kansa: sau nawa za a kunna shi a wata? Idan tsire kawai ake so, to ba a bukatar kamado, domin tsire siririn yanka ne wanda yake son a tsaya a kansa ana juyawa ana shafa mai, shi kuwa wannan murhu amfaninsa a rufe yake. Amma ban yarda cewa na Sallah ne kaɗai ba. Maigidana ne ya saya, amma yanzu na fi shi amfani da shi. A ciki nake gasa gurasa da biredi da kek, tun da kuɗin gas ya tashi kuma ba a iya dogara da wutar lantarki. Kazar gida, wadda kowa ya san taurinta, ina shafa mata yaji da tafarnuwa da citta in bar ta awa uku a ƙaramar wuta, ta fito da laushi. Ko farfesun ƙafar sa nakan ɗora a tukunyar ƙarfe in rufe murfin in tafi harkokina. Shawarata ita ce Malam ya tafi da uwargida wurin sayen, ta ɗaga murfin da hannunta. Wasu suna da sifirin mai kyau da ke taimakawa wajen ɗaga murfin, hannu ɗaya ya isa, wasu kuwa sai an yi da gaske, kuma murhun da matar gida ba ta iya buɗewa cikin sauƙi shi ne zai zama abin da Alhaji yake tsoro.

Malam Abdullahi, Samaru:
Na gode, Alhaji, maganarka ta shige ni, kuma na amince akwai gaggawa a gashina. Hajiya, batun biredi ya ƙara min ƙarfin gwiwa, domin uwargida tana yin kek na sayarwa lokacin bukukuwa. Injiniya, ina batun girma?

Injiniya Musa, Kongo:
Da faɗin raga ake auna su. Ƙananan, irin su Joe Jr na Kamado Joe, ragarsu wajen santimita 34 ce, nauyinsu kuma ya ɗan haura kilo 30. Kaza ɗaya za su ɗauka, don haka ba na gidan mutum tara ba ne. Matsakaitan, wato Large na Big Green Egg da Classic na Kamado Joe, ragarsu wajen santimita 46 ce, kuma Large ɗin kaɗai ya haura kilo 70 ba tare da mazauninsa ba. Manyan suna da santimita 61, nauyinsu kuma ya kusa kilo 100 ko ya wuce. Ni matsakaici nake da shi, kuma cinyar ragonmu na gida tana shiga idan mahauci ya sare ƙwaurin, amma cinyar babban balami ko uda sai an raba ta biyu. Kafin ka je kasuwa ka yanko kwali mai faɗin santimita 46, ka kai wa mai naman da kake saye a wurinsa a kasuwar Samaru ko Sabon Gari, ka ɗora cinya a kai ka gani da idonka.

Abu ɗaya da ba zan yarda ka dawo gida babu shi ba shi ne faifan tangaran da ake sawa tsakanin garwashi da raga. Shi ne yake tare harshen wuta ya mayar da murhun tanderu. Kafaɗar da ka ci a Abuja ba za ta yiwu ba sai da shi, haka ma biredin Hajiya. Wasu kamfanoni suna haɗa shi a cikin kwali, wasu kuma dabam suke sayarwa tare da mazaunin mai tayoyi, don haka farashin da aka fara faɗa maka ba lallai shi ne na ƙarshe ba. Matsakaicin na manyan kamfanonin nan, idan aka haɗa kayansa, yana haura dala 1,000 tun a can ƙasarsu, kafin a yi maganar jirgi da kwastam.

Dakta Aminu, Shika:
Malam, ni abin da ya same ni zan ba ka labari, domin ina ganin a nan Zariya babbar matsalar ba zaɓen kamfani ba ce, isowar kayan lafiya ce. Na yi odar nawa daga waje ta hannun wani mai jigilar kaya, ya sauka a Legas, aka ɗora shi a babbar mota tare da kayan wasu mutane zuwa Kano, aka sauke min a Kwangila. Kwalin lafiyarsa ƙalau daga waje, shi ya sa na sa hannu na karɓa. Da na buɗe a gida sai na tarar kaskon wuta ya rabe uku, kuma akwai wani siririn tsagu kamar gashi wanda ya taso daga ƙofar iska ta ƙasa ya hau jikin murhun kusan taƙi ɗaya. Mai jigilar ya ce na riga na sa hannu. Wanda ya sayar min ya ce garantinsu bai shafi fashewar hanya ba, kuma ko da za su ba ni sabon kasko, kuɗin aiko shi a wuyana yake. Kaskon na ɗaure shi da waya yana aiki har yau, amma tsagun jikin yana shigar da iska, don haka ba na iya riƙe ƙaramar wuta yadda Injiniya ya bayyana, wanda kuma dominsa na saya. Garantin da suke tallatawa na tsawon rai a kan tangaran gaskiya ne, amma yana da amfani ne ga wanda yake da dillalinsu a kusa. Ka saya a inda za ka buɗe kwali a gaban mai shago, ka fito da kowane ɓangare ka duba, sannan ka ɗauko shi a motarka da kanka.

Malama Hauwa, Gyallesu:
Allah ya mayar da alheri, Dakta. Ni sashen tangaran na karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma har yanzu ina ɗan taɓa aikin, don haka zan ƙara kan yadda ake dubawa. Ido kaɗai ba ya isa, domin tsagu yakan ɓuya a ƙarƙashin ƙyallin waje, wato shafen nan mai sheƙi da ake yi wa tangaran. Ka cire kaskon da zoben da ke kansa, ka ƙwanƙwasa kowanne a hankali da bayan ɗan yatsa, kamar yadda iyayenmu suke yi wa tulu a kasuwa. Lafiyayye yana ba da ƙara mai tsawo, mai tsagu kuwa ƙararsa a dushe take. Ka haska cikin jikin da fitilar waya, musamman kewayen ƙofar ƙasa. Ƙananan zane-zane kamar saƙar gizo-gizo a kan ƙyallin waje ba illa ba ne, haka kuma tsagar da za ka gani a miƙe a jikin kaskon wasu, kamfani ne ya yi ta da gangan don ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. Daga nan ka sa takarda a bakin murhun ka rufe murfi ka ja, ka maimaita a wurare huɗu ko biyar. Duk inda takardar ta zare ba tare da turjiya ba, iska za ta shiga ta nan.

Alhaji Garba, Tudun Wada:
To Malama, tunda fanninki ne, me zai hana maginan tukwanenmu su gina mana irinsa a nan? Yumɓu dai ba mu rasa shi ba.

Malama Hauwa, Gyallesu:
Alhaji, tambayar nan ta daɗe tana damuna. Ba ƙwarewa muka rasa ba. Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin naira ashirin, da hannu take gina manyan tuluna tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu. Tukunyarmu ta gargajiya ma tana jure wuta sosai, domin yumɓunta mai tsakuwa-tsakuwa ne kuma yana numfashi. Rauninta shi ne a buɗaɗɗiyar wuta ake gasa ta, zafin bai kai ya haɗe jikinta ya yi ƙarfi ba, don haka murfi mai wannan girma da za a ɗaure da ɗamarar ƙarfe ana ɗagawa ana saukewa kullum zai riƙa marmashewa daga baki. Masu kyau na waje ana haɗa su ne da farar ƙasa da wasu ma'adinai, a gasa a rufaffen tanderu da zafin da ya haura digiri 1,200, irin haɗin da ake yin faifan da muke jera kaya a kai a cikin tanderun gasa tangaran, wanda ba ya buɗewa sosai idan ya yi zafi. Farar ƙasa muna da ita a Ƙanƙara. Abin da zai yi wuya shi ne tanderun da zai ɗauki abu mai wannan girma, da kuɗin makamashinsa, da daidaita bakin murfi da na jiki su haɗu ba rata bayan sun tsuke a wuta.

Usman, Palladan:
Iyayena, ku ba ni dama in kawo wata hanya. Akwai masu wannan siffa da aka yi da ƙarfe ninki biyu da abin tare zafi a tsakani, kamar Akorn na kamfanin Char-Griller. Sun fi araha nesa ba kusa ba, ba su da nauyi, kuma ramukan hanya ba sa fasa su. Shi nake da shi, kuma yana riƙe wuta awanni da gawayi kaɗan. Ga wanda bai tabbatar zai riƙa amfani da abin ba, ina ganin ya fi dacewa ya fara da wannan.

Injiniya Musa, Kongo:
Usman, maganarka tana kan hanya, amma ka faɗa masa sauran. Na ƙarfe yana saurin hawa da saurin sauka, don haka riƙe shi a digiri 120 yana bukatar a riƙa leƙawa, kuma toka idan ta sha danshi tana cin ƙarfe. Daminarmu daga Mayu zuwa Satumba ba ta wasa da abin da aka bari a tsakar gida. Tangaran ba ya tsatsa, sai dai ɗamararsa da ƙusoshinsa.

Usman, Palladan:
Haka ne, Injiniya, tiren tokar nawa ya fara tsatsa a damina ta biyu. Amma tun da na koma kwashe tokar bayan kowane gashi ina shigar da shi rumfa, bai ƙaru ba, kuma har yanzu ina kan ra'ayina.

Alhaji Garba, Tudun Wada:
Tunda na ga Malam ya riga ya ƙudurta, bari in taimaka da abin da na sani, wato gawayi. Kada ka yarda wani ya ce sai ka sayi na kwali daga waje. Ka nemi gawayin ƙirya, wanda maƙera suke so, ko na marke. Ka ɗauki guda ka ji nauyinsa a hannu, ka buga biyu ka ji suna ƙara kamar ƙarfe, ka karya ka ga cikinsa baƙi ƙirin yana sheƙi. Wanda cikinsa yake da ja-ja bai gama ƙonewa ba, hayaƙinsa zai sa nama ɗaci, balle a murhun da yake a rufe. Masu sayarwa sukan cika ƙasan buhu da gari da tsakuwa, don haka ka sa a juye maka a ƙasa, ka tankaɗe garin ka bar wa kurfoti. Kuma ka saya yanzu kafin ruwa ya sauka, domin gawayin damina jiƙaƙƙe ne kuma ya fi tsada.

Injiniya Musa, Kongo:
Alhaji ya gama magana kan gawayi, kuma tankaɗewar tana da muhimmanci domin garin yana toshe ramukan da iska take bi ta ƙasan kasko. Zan ƙara biyu. Kada kananzir ko fetur ko leda su kusanci cikinsa, domin tangaran yana tsotse wari kuma zai daɗe yana mayar da shi cikin abinci. Da ɗan tsinken itace ko takarda da aka ɗiga wa man gyaɗa ake kunnawa. Na biyu, idan zafi ya haura digiri 150, kada ka buɗe murfin gaba ɗaya lokaci guda. Wutar a yunwace take da iska, idan ta samu da yawa farat ɗaya sai ta yi tsalle waje. A watana na farko ta babbake min gashin hannu har gwiwa, kuma Allah ne ya kiyaye fuskata. Ka ɗaga shi kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu, ka dakata, ka maimaita sau biyu ko uku, sannan ka buɗe kana tsaye daga gefe. Idan an gama kuma ba a zuba masa ruwa, rufe ƙofofin biyu ake yi wutar ta mutu da kanta, gawayin da ya rage a yi amfani da shi gobe.

Dakta Aminu, Shika:
Ina roƙon kowa ya riƙe wannan, ba Malam kaɗai ba. Gawayin da yake ci da ƙarancin iska yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda take kashe mutanen da suke kwana da garwashi a ɗaki lokacin hunturu. Ba a kunna shi a kicin ko gareji ko zaure, ko da ruwa ake yi, sai a fili ko rumfar da take buɗe ta gefuna. Sannan ka sayi ɗan ma'aunin zafi da ake soka wa nama, domin na jikin murfi zafin iska yake nunawa. Kaza sai tsakiyar cinyarta ta kai digiri 74.

Hajiya Maryam, Hanwa:
A kuma zaɓa masa wuri guda mai daɓen siminti, a bar shi a nan, nesa da inda yara suke guje-guje, domin jikinsa yana daɗewa da zafi bayan an rufe, kuma tura shi a kan ƙasa mai gargada shi ne yake kayar da shi.

Malam Abdullahi, Samaru:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na yanki kwalin kamar yadda Injiniya ya ce, na kai wa mai namanmu, cinyar matsakaicin rago ta zauna a kai bayan ya sare ƙwauri, don haka na tsaya a kan mai santimita 46. Na fasa yin oda daga waje. Ƙanina zai binciko masu sayarwa a Abuja, ranar Asabar ta sama ni da uwargida za mu je, in ƙwanƙwasa kasko, in gwada takarda, ita kuma ta ɗaga murfi, kuma ba zan biya ba sai na ga faifan tare wuta a cikin lissafi na kuma ji ko suna kawo ƙyallen baki da kasko na canji. Idan ban samu wanda ya cika waɗannan ba, zan ɗauki irin na Usman in fara da shi. Zan cire kayan cikinsa in naɗe kowanne da bargo dabam, jikin kuma in zaunar da shi a kan tsohuwar katifa a bayan mota.

Alhaji Garba, Tudun Wada:
Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Idan ya iso kada ka jira Sallah ka koya a kan naman layya. Ka sanar da ni, zan zo da buhun ƙirya daga wurin mutumin da nake saye, da kafaɗar akuya guda, mu gwada tun da safe in ga yadda ƙofofin nan biyu suke riƙe wuta.